Allurar Tsohuwa da Shanun Baba

Funtuwa,
Jihar Katsina.
9 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Yayana Ɗanladi,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya ruwan saman can da aka ce ba ya ɗaukewa? Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya tsare ka a ruwa da tudu, amin. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Malam Shitu yana nan da shagonsa na taki da maganin feshi, ni kuma ina ta fama da 'yan aji biyu. Muhammad Awwal ya yi tsawo har ya kusa kamo babansa, Bushra kuwa haƙoranta biyu na gaba sun fita, ta daina dariya a gaban baƙi. A gida Ƙarfi masara ta yi kyau bana, waken suya ne dai bai cika ba saboda ruwan da ya yi tsaiko a watan takwas. Baba yana nan da ƙarfinsa. Tsohuwarmu kuma, wadda saboda ita nake wannan rubutu, jiya da kanta ta yi mana tuwon dawa miyar kuka.

Dalilin da ya sa na zauna na rubuta takarda maimakon waya, ka san in kana cikin jirgin ruwan kamfaninku magana ba ta tafiya, kafin in kai ƙarshen zance layi ya yanke. Ranar Lahadin da ta wuce na ji ka ce za ka ajiye aiki, ka karɓi kuɗin sallamarka ka kawo a sayi allurar Tsohuwa. Ina ta kiran sunanka ina cewa ka dakata, ba ka ji na. Shi ya sa da na ji Olawale direba zai kai masara garinku jibi, na ce bari in ba shi wannan ya miƙa maka hannu da hannu. Yaya, don Allah kada ka ajiye aikinka. Ka karanta har ƙarshe tukuna. Na san laifinmu ne, don mun riƙa ba ka labari gutsure-gutsure, mun ɓoye maka wani, wani kuma ka ji shi a bakin mutane ya fi yadda yake muni. Yau zan gaya maka komai daga farko.

Ka san bara da kaka ne na je gida na tarar tana surfe da hannu ɗaya. Da na matsa mata ta nuna mini ƙullutu a nononta na hagu, ta ce ya yi wata biyar, ba ya zafi, don haka ba ta ga abin faɗa ba. Muka je asibitin Malumfashi, suka tura mu Zariya, aka ɗebi nama aka auna, aka ce ciwon daji ne, wanda ake kira sankarar mama. Aikin da aka yi mata a watan biyu, da maganin da aka riƙa sa mata a ƙarin ruwa, duk ka sani, da abin da ka aiko da wanda muka haɗa aka yi su. Abin da ba mu gaya maka dalla-dalla ba shi ne maganar da likita ta yi mana bayan nan. Ta ce irin ciwon Tsohuwa mai son dawowa ne, amma akwai allurar da ke tare shi, ana yin ta duk bayan sati uku har sau goma sha takwas. Da ta faɗi kuɗin guda ɗaya, Baba ya ɗauka na duka sha takwas ɗin ne, har ya gyaɗa kai ya ce za a iya. Da na fahimtar da shi cewa kowace guda ta haura buhun masara goma, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu har muka hau mota.

Ni da farko hankalina bai tashi sosai ba, don ina taƙama da katin inshorar lafiya da ake cire mana kuɗinsa a albashi. Washegari na sa mayafina na tafi ofishin da ƙarfin gwiwa. Nan aka karanta mini cewa katin nawa ya ɗauki ni da mijina da 'ya'yana, amma ban da iyaye. Na ce musu wadda ta haife ni fa ce. Ma'aikacin ya ce ya sani, shi ma tasa uwar ba ta cikin nasa. Na fito na zauna a gindin dalbejiyar ƙofar ofishin na yi kukana na ƙoshi, na share fuska na tafi makaranta.

A gida kuwa kowa ya tashi da nasa. Baba ya kai jan zakara gindin tsamiyar nan ta bayan gida kamar yadda kakanninmu suke yi. Malam Shitu ya sa aka yi mata addu'a a masallacin unguwarmu. Matan cocin da kake zuwa in ka zo gida su ma suka zo suka cika tsakar gida da waƙa. Tsohuwa ta ce duk ta karɓa, ta gode, ba ta mayar da ta kowa ba, amma a cikinsu wa zai biya kuɗin allura? Aka yi ta dariya. Da dariyar ta lafa sai Baba ya ce shi zai biya, zai kai shanun huɗarsa biyu kasuwa. Yaya, ban taɓa ganin ran Tsohuwa ya ɓaci irin na ranar ba. Ta ce ga damina ta kawo kai, in aka sayar da shanu da me za a yi huɗa, in ba a yi huɗa ba me gidan zai ci? Ta ce ita ta ga jikokinta, ta ci nata rabon, ba za a mayar da gidan mabarata saboda ita ba. Ta rantse ranar da saniya ta fita daga gidan, ranar za ta daina zuwa Zariya. Ka san ta in ta kafe. Sati biyu muna lallashi, lokacin allurar farko yana ta matsowa.

Ana cikin haka Allah Ya haɗa ni da Onyinyechi. Ka tuna Romanus mai kemis na bakin tashar Malumfashi, wanda Baba yake kai wa doya da zabbi duk Kirsimeti? To 'yarsa ce, wadda Tsohuwa take goyawa ranar kasuwa in uwarta ta yi nisa. Yanzu ta gama karatun haɗa magunguna, tana da shagonta nan Funtuwa. Na shiga sayen maganin tarin Bushra, ta tambaye ni Inna, kamar yadda take kiran Tsohuwa, ni kuma bakina ya kasa riƙewa. Ta yi mini faɗa sosai, da Hausarta da ta fi tawa, wai yaya za a yi uwarta tana kwance a ɓoye mata. Nan take ta rufe shago ta zaunar da ni. Ta ce akwai inshorar da wanda ba ma'aikacin gwamnati ba zai iya shiga, ana biya shekara-shekara, kuma ta fi sauƙi in mutum goma suka haɗu suka shiga a ƙungiya. Ta ce in Tsohuwa ta sami wannan katin, akwai tsarin da masu yin allurar suke sauke wani kaso, inshora ta ɗauki wani, mu biya saura. Amma ba ta ruɗe ni ba. Ta ce sauran ma ba ƙarami ba ne, kuma katin ba ya fara aiki sai ya yi wasu makonni, sannan sai Tsohuwa tana da katin ɗan ƙasa.

Wannan katin ɗan ƙasa shi ya ba mu dariyar da muka daɗe ba mu yi ba. Muka kai ta ofishin, wani mai haƙuri da ake kira Malam Zainulabidin ya tambaye ta ranar haihuwa. Ta ce ranar Talata. Ya ce wace shekara, ta ce shekarar da rumbun kakanta ya ƙone, kowa ya sani. Sai da aka kira Baba, shi ma ya ce ai ta girmi ƙanensa da damina biyu, ƙanen kuma ya rasu ba a san shekarunsa ba. Daga ƙarshe aka yi lissafi da shekarunka, aka ba ta sittin da uku, ta ce an cuce ta, ba ta kai ba. Da aka zo ɗaukar zanen yatsu kuma na'ura ta ƙi. Fartanya da wankin kalwa da maganin asibiti sun shafe mata zanen tas. Ta dangwala, ta sake dangwalawa, shiru. Ta ce wa Malam Zainulabidin na'urarsa ba ta da tarbiyya, babba yana miƙa mata hannu tana ƙin karɓa. Ya ce mu je ta huta da aiki, ta riƙa shafa man kaɗanya, mu dawo bayan kwana biyar. Kwana biyar ɗin nan Tsohuwa tana zaune kamar matar gwamna, hannuwa a kan cinya, tana ba kowa umarni. A zuwa na uku na'urar ta karɓi yatsu huɗu, ya ce sun isa. Ta sa masa albarka har ya ji kunya.

Saura mutum tara. Ni na ɗauka wannan ne mai sauƙi, ashe shi ne mai wuya. Na bi ƙawayenta na kasuwa, masu daddawa da masu kuka da kuɓewa, kowacce ta noƙe. Wata ta ce biyan kuɗin ciwo tun bai zo ba kiran ciwo ne. Wata ta ce in shekara ta ƙare ba ta yi ciwo ba za a mayar mata da kuɗinta? Da na ce a'a, ta ce to wannan wane irin adashe ne da ba a kwasa. Na koma na gaya wa Tsohuwa na gaza. Ta ce in kira mata su duka ranar da ba kasuwa, in ce tana son ganinsu. Suka zo su goma sha ɗaya, har da Abike mai manja, wadda suka yi shekara talatin suna rumfa ɗaya. Tsohuwa ta sa na kori yara na rufe ƙofar ɗaki. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta kwance zaninta ta nuna musu inda aka yi aikin. Sannan ta ce, "Ni ban biya kuɗin kowa ba, ban kira shi ba, ya zo. Ku duba da kyau, don kada ku ce ba a nuna muku ba." Ta gaya musu kuɗin allura guda. Abike ce ta fara kwance bakin zaninta ta ajiye nata kuɗin inshorar a tabarma, tana hawaye tana zagin Tsohuwa wai ta ɓoye mata. Kafin la'asar mun sami mutum goma sha biyu har da ita. Suka naɗa ta shugaba, ta ce dama ba ta ga wadda za ta ja da ita ba.

Yanzu ga abin da aka ɓoye maka, kuma gara ka ji daga bakina. Kafin katin ya fara aiki allura biyu sun faɗo, likita kuma ta ce jinkirin ya isa haka. Ta farko muka haɗa da awakin Tsohuwa da abin da Malam Shitu ya fitar daga shago da naka na watan biyar. Ta biyu ba mu da komai. Sai Baba ya je ya yi magana da maƙwabcinmu Ɗanasabe, wanda sa ɗaya ya rage masa. Suka shirya za su haɗa nasu su riƙa huɗa tare, yau gonar wannan gobe ta wancan. Baba ya ja jan san nan nasa ya kai kasuwa, ya bar farin. Ya ce wa Tsohuwa ya kai shi rugar Fulani ne a yi masa maganin kofato. Ta yi allurarta lafiya. Kwana tara tana tambaya yaushe sa zai dawo, rana ta goma matar Ɗanasabe ta yi suɓutar baki.

Na yi zaton za ta cika rantsuwarta, na bar makaranta na tafi Ƙarfi. Na tarar ta daina yi wa Baba magana. Suna zaune a inuwa ɗaya, sai ta ce mini in gaya wa ubana tuwonsa yana nan a rufe. Shi kuma ya ce in gaya wa uwata ya gode. Kwana huɗu ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da tabarmarsu take gogar juna. A rana ta biyar Baba ya ce in gaya mata, sa dai ana sayen wani a kasuwa, amma shi ya zagaya kasuwar kaf bai ga inda ake sayar da irinta ba, kuma in ta daina zuwa Zariya to san ya tafi a banza ke nan. Ban kai ga maimaitawa ba ta juyo ta ce masa ta ji, ba kurma ba ce. Ta ce ta rantse a kan saniya ne, wannan kuwa sa ne, don haka rantsuwa ba ta kama ta ba. Baba ya yi dariya har da tari. Huɗa kuma ta yi kyau, sai dai farin san namu da na Ɗanasabe sun yi sati guda kowa yana ja nasa gefe kafin su saba.

Tun daga allura ta uku katin yake aiki. Abin da muke biya yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku na da ba. Ba zan ce maka ba nauyi, akwai shi, ga kuɗin mota da na awon jini da na hoton zuciya da ake yi mata lokaci-lokaci, wasu inshora ta ɗauka wasu ba ta ɗauka. Duk zuwa kuma sai an cike takardu an jira amincewa, wani lokaci tun safe har azahar muna kan benci. Onyinyechi ce take duba mana takardun kafin mu tafi don kada a dawo da mu. A layin nan na ga abin da ya sa na daina ƙorafi. Akwai wata mata daga wajen Dandume da muka saba, ta yi allura uku da kuɗin gonar mijinta, daga nan ba mu sake ganinta ba. Na nemi lambar ɗanta na gaya masa hanyar da muka bi, ya ce za su gwada. Kullum in na tuna ta sai in yi mata addu'a.

An yi tara, saura tara. Wancan satin aka yi mata hoto, likita ta ce ba ta ga wani abin tsoro ba, amma ba ta yi mana alkawari ba, ta ce a gama allurar a ci gaba da zuwa awo. Mun auna abin da ya rage ni da Malam Shitu, da masarar bana da abin da kake aikowa duk wata za mu kai ƙarshe in Allah Ya so. Ka ga ke nan albashinka na wata-wata shi ne gatanmu. In ka ajiye aiki, kuɗin sallama zai zo sau ɗaya ya tafi, mu rasa mai tallafa mana, kai ma ka rasa abin riƙe gidanka. Da na gaya wa Tsohuwa abin da kake shirin yi, ta ce in rubuta maka cewa sa ɗaya ya isa, ba ta son a ƙara mata da ɗa. Abin da take roƙonka shi ne ka bincika a kamfaninku ko kai da matarka Bisola da yarinya kuna cikin inshora, kuma Bisola ta je a duba ta ko ba ta jin komai. Matan ƙungiyarsu duk ta tasa su gaba sun je an duba su a Malumfashi. An sami ɗan ƙullutu a jikin Abike, aka cire aka auna, aka ce ba mugu ba ne. Ranar da sakamakon ya fito manja kyauta ta raba a kasuwa.

Bari in rufe maka da labarin da ake ta yi a gida yanzu. Maganin ƙarin ruwan nan ya zubar wa Tsohuwa da gashi gaba ɗaya, shi ya sa duk hoton da na tura maka da ɗankwali take har goshi. To gashi ya dawo, mai laushi kamar na jariri, kuma abin mamaki baƙinsa ya fi furfurar yawa. Ran nan ta cire ɗankwali tana shan iska, Baba ya dube ta ya ce ashe amarya aka yi masa bai sani ba. Ta ce in amarya ce ina lefe? Ba wanda ya ɗauki maganar da gaske. Ranar kasuwa sai ga Baba a kan mashin ɗin haya da ƙunshi a hammata. Atamfa ce turmi guda, shi ya zaɓa da kansa, abin da Tsohuwa ta ce bai taɓa yi ba a shekara arba'in da 'yan kai, kullum kuɗin yake bayarwa. Yaya, ban taɓa ganin atamfa mai muni irin wannan ba, ruwan ɗorawa da shuɗi, da zanen wasu manyan agoguna. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce lallai mutumin nan ba shi da ido. Washegari da sassafe ta aika da ita wajen tela. Ta hana kowa gani, ta ce ba za ta sa ba sai ranar da ka iso da Kirsimeti. Ta ce ka zo da iyalinka, kada ka zo mata da fuskar masu gaisuwar mara lafiya, kuma in ka gan ta a ciki ka ce ta yi kyau, don ubanka yana wurin.

Baba yana gaishe ka, ya sa maka albarka. Malam Shitu yana gaisuwa, da Muhammad Awwal da Bushra. Ɗanasabe da iyalinsa, da Abike, da Onyinyechi da mahaifinta Romanus duk sun ce a gaishe ka. Ka gaishe mini da matarmu Bisola da kyau, ka ce ina godiya da kiran da take yi wa Tsohuwa duk Asabar. Ka shafa mini kan ɗiyata Oluwaseun. Olawale zai ba ka ƙullin daddawa da kuka da wake kaɗan, na Bisola ne, kada ka raba wa abokan aiki. Allah Ya ba Tsohuwa lafiya mai ɗorewa, Ya bar mu tare, Ya kawo ku gida lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Lami.